Ranar da Namadi Ya Nuna wa Gwaggo Gari

Wani mutum ne a Gwammaja ana ce masa Namadi, dillalin gidajen haya. In dai cika baki ne, a ba shi hanya kawai. Da ya zauna a majalisa ya harɗe ƙafa, zancensa ɗaya ne, wai Kano a tafin hannunsa take.

"Ku ɗaure mini ido da ƙyalle," in ji shi, "ku ajiye ni duk inda kuka ga dama a garin nan. Hanci kawai zan ɗaga in gaya muku unguwar da muke. In ƙamshin gurasa ne, Jakara. In hayaƙin tsire ne, Fagge. Wallahi babu mai ɗora tukunya a birni da waje da bai san sunana ba!"

'Yan majalisa su kwashe da dariya, su ce ga Namadi nan ya fara. Abin da ba su sani ba shi ne, a duk tulin ƙaryar da yake shara musu, wannan ɗaya dai gaskiya ce. Sana'arsa yawo ce, daga wannan gida zuwa wancan, kuma duk inda ya hangi tukunya a kan wuta sai ya tsaya sun gaisa. Da safe yana wurin Iya Asabe mai gurasa, a yi masa bandashe, a zuba ƙuli-ƙuli da mai da yaji har gurasar ta nutse. Rana na take tsaka yana gaban Mamuda mai balangu, yana nuna inda kitse ya fi. Da la'asar ya bi da farfesun ƙafar saniya, ya kora da fura. Kafin ya iso gida ciki ya yi tam, numfashi ma da dabara yake yin sa.

A gidan kuwa akwai matarsa Furera, 'yar mutanen Ringim. Mace mai haƙuri, ga hannun girki. In miyar kukarta ta tashi, maƙwabta sukan shigo da sallamar da ba ta da dalili. Ta tuƙa tuwo ta ajiye masa, ya yi loma biyu ya ture kwano. Yau haka, gobe haka. Ku kun san abin da wannan yake nufi a wurin mace. Miji ya bar tuwonta ya je ya ci na kasuwa, ai da ya tsaya a ƙofar gida ya zage ta da babbar murya ya fi mata sauƙi.

Ranar da ta tsare shi da hawaye tana tambayar laifin girkinta, sai Namadi ya dafe ciki ya lanƙwashe.

"Ban so in gaya miki ba, Furera, don kada hankalinki ya tashi. Olsa ce. Likita ya ce gyambon ya kai faɗin faifai. Ba yaji, ba mai, ba nama."

Baiwar Allah ta yarda. Ba ta ma tsaya nan ba, ta kwashe barkono da man gyaɗa ta rabar wa maƙwabta, ta ce ba za ta ci abin da mijinta yake kallo ba ya iya ci ba. Gida ya koma kunu da tuwo da miya lami. Furera ta rame, ƙashin wuya ya fito. Shi kuwa gogan tumbi ya turo gaba, har maɓallin riga yana neman agaji. In ta yi magana sai ya ce kumburin ciwon ne, a dai ci gaba da addu'a. Ita kuwa ta ci gaba da yi masa, har da kuka.

Ana nan ana nan, labari ya kai Ringim. Kwatsam sai ga Gwaggo Tabawa, yayar mahaifin Furera, ta sauka da ƙullin kayanta da galan cike da jiƙo. Tsohuwa ce 'yar firit, amma abu ba ya wuce ta gaban idonta. Ita ta riƙe Furera tun tana ƙarama. A danginsu in ta ce aure ya zauna, ya zauna. In ta ce yarinya ta haɗa kayanta, sai dai a nemo mota.

Namadi ya durƙusa ya gaishe ta da muryar marasa lafiya. Gwaggo ta dubi tumbinsa, ta juya ta dubi wuyan Furera, ta sake duban tumbin.

"Ikon Allah. Ciwon a jikinka, ramar a jikin 'yata."

"Haka likita ya ce yana yi, Gwaggo."

"To madalla. Karɓi wannan."

Jiƙon maɗaci ne, cike da kofin silba. Ba damar musu da suruka. Ya kafa kai, ƙwat, ƙwat, ƙwat. Ɗacin ya sauka har yatsun ƙafarsa. Ya ajiye kofi yana murmushin dole, ido yana ruwa.

"Yauwa," in ji Gwaggo. "Ranar ɗaurin aurenku ina daga ɗaki ina jin ka kana gaya wa mazan Ringim wai Kano a tafin hannunka take. Ni rabona da birnin nan tun haƙorana suna cike. Gobe ka fita da mu, ni da Furera, ka nuna mini gari. In sayi atamfa da turaren wuta, in hau Dala kafin ƙasa ta rufe mini ido. Kai ma tafiyar za ta taimaki cikin naka."

"Ai an gama, Gwaggo! Hannun da ya dace kika faɗo!"

Baki ne kawai ya amsa. Nuna gari? Wane lungu zai bi da su da mai abinci ba zai ɗaga murya ya ce, "Namadi, yau ka makara" ba? In Furera ta ji inda yake cika ciki, ta gane duk watannin nan a banza ta sha kunu, ai shi da ita sai a Ringim. Kuma Allah ya sani yana son matarsa. Kwaɗayi ne kawai ya fi ƙarfinsa.

Sai dabara ta faɗo masa. Da yamma ya ce zai je nuna wa wani gida a Kurna, ya fice. Bai zame ko'ina ba sai wurin Iya Asabe.

"Iya, gobe in kin gan ni da mata biyu, ba ki san ni ba."

"Ni? Ni da na san yajin da kake so fiye da uwar da ta haife ka?"

"Ki rufa mini asiri, Iya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Amma bakin Namadi ba shi da murfi. Ya zauna ya zayyane mata komai, da olsar, da faifan, da kunun Furera, har da Gwaggo.

"Wata tsohuwa ce, Iya, kamar busasshiyar kuɓewa. Ga sa ido! Amma ni Namadi ne. Zan zagaya da ita garin nan in mayar da ita gida ba ta gane komai ba."

Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ya je, bakinta alaikum. To tun da dai an zo, ai ba a tafi haka ba. Aka yi masa bandashe na bankwana. Daga nan ya wuce wurin Mamuda, ya maimaita labarin, ya ci balangu na bankwana. Mai farfesu, mai ɗanwake, mai fura, kowa ya sha labari, kowa ya yi alkawari, ko'ina ya yi bankwana. Da ya dawo gida ko loma biyun da ya saba bai iya yi ba. Gwaggo ta ce lallai jiki ya tsananta, ta ninka masa jiƙo.

Gari ya waye. Kunu ba sukari, jiƙo kofi guda, suka tari Adaidaita Sahu. Namadi ya sha jamfa mai guga, ya karkace hula, ya zauna gaba kusa da direba yana nuni da hannu kamar shi ya gina garin.

Kantin Kwari suka fara. A nan hankalinsa kwance yake, don atamfa ba ta magana. Ya ga ma ga inda zai burge Gwaggo.

"Duk manyan kasuwar nan mutanena ne, Gwaggo. Ki zaɓi abin da kike so kawai."

Ya kutsa wani babban shago, ya buɗe hannuwa.

"Alhaji na kaina! Kwana da yawa!"

Mai shago ya dube shi ta saman tabarau.

"Sannu, bawan Allah. Daga ina?"

"Haba Alhaji, Namadi ne fa!"

"Namadin wa?"

Namadi ya yi tari, ya juya ya raɗa wa Gwaggo cewa tsufa ya fara taɓa Alhaji, ba ya gane mutane. Gwaggo ta matsa gaban kaya. Ta zaɓi atamfarta, ta yi cinikinta da kanta, ta ja har sai da mai shago ya ce ta tafi da ita don Allah ya huta.

Fitowarsu ke da wuya suka faɗa layin masu abinci. Nan fa alkawari ya fara aiki. Mai ɗanwake ta hango shi, ta juya baya fit. Mai awara ta ɗauki murfin tukunya ta kare fuska. Mai shinkafa da wake ya tsuguna yana neman abin da bai yar ba. Layi guda, duk wanda suka doso sai ƙeya.

"Mutanen birni ba sa son ciniki ne?" in ji Gwaggo. "Kowa muka nufa sai ya ba mu baya."

"Kunya ce, Gwaggo. Kanawa akwai kunya."

"Uhm."

Daga nan sai kasuwar Kurmi. Gwaggo ta ji daɗin wurin nan ƙwarai. Ta shinshina turaren wuta kala-kala, ta sayi kwalli, ta ɗaga faifai tana duba saƙa, ta tsaya wurin dukawa tana taɓa jakunkunan fata. Matsalar ita ce, Namadi bai taɓa shiga ɓangaren da ba a dafa komai ba. Lungunan Kurmi kuwa kamar hanjin rago suke. Ya ce nan ne mafita, suka ɓulla wurin masu tasoshi. Ya ce a'a, can ne, suka dawo gaban badukun da suka bari ɗazu. Da suka sake dawowa, badukun ya tura musu benci ya ce ko za su zauna ne gaba ɗaya.

"Tafin hannun naka yau ya yi duhu, ɗan nan," in ji Gwaggo.

"An sake tsarin kasuwar ne, Gwaggo. Jiya-jiyan nan."

Da ya ga abin zai zama tonon silili, sai ya ɗaga hanci. Iska ta kawo masa ƙamshin gurasa daga nesa. Hanya ɗaya ya sani a duk kasuwar, ita ce wannan. Ya bi ƙamshi tiryan-tiryan, suka fito sarari, sai ga su tsaye a gaban Iya Asabe.

"Af! Gurasar Kano da ake faɗa!" in ji Gwaggo. "Yau sai na ci."

Iya ta ɗaure fuska tamau, ta kalli sama.

"Sannunku da zuwa, baƙi. Shi kuwa wannan bawan Allah, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin sa ba."

Babu fa wanda ya tambaye ta. Namadi ya zare mata ido. Iya ta sunkuyar da kai ta shiga aiki, ta tsoma gurasa, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli, ta kwarara mai, ta yanka albasa. Gwaggo ta ce a yi biyu, har da Furera.

"A'a Gwaggo, ni na ƙoshi," in ji Furera a hankali. "Ba zan ci yana kallo ba."

Maganar nan ta soki Namadi, don ya ga yadda ta haɗiyi yawu kafin ta faɗe ta. Kunya ta kama shi, ta gaske. Sai dai kunyar ba ta daɗe ba, ƙamshin yaji ya zo ya ture ta. Gwaggo ta zauna a kan benci ta ci gurasarta a tsanake, tana tauna tana lumshe ido.

"Kai, wannan abu da daɗi yake. Ɗan nan, ka taɓa ci kuwa?"

"Ni? Ko kallonta likita ya hana ni, Gwaggo."

Iya ta ƙware. Ta yi ta tari tana dukan ƙirji, hawaye na zuba, ta ce hayaƙi ne. Babu ko wuta a kusa da ita.

Suka nufi Dala. Gwaggo ta ɗaure mayafi a ƙugu ta kama matakala, tsaf-tsaf-tsaf, ko waiwaye babu. Furera na biye da ita. Namadi na can baya yana jan tumbi, fuu, fuu, gumi ya jiƙa jamfa. Kunu da jiƙo ne kaɗai a cikinsa tun safe, cikin da bai saba da zaman banza ba. Da ƙyar ya kai sama, ya dafa gwiwa yana haki.

Amma da ya ɗago ya ga birni shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano yana ƙyalli har iyakar gani, sai bakin ya dawo.

"Gwaggo, kin ga Kano! Ga Goron Dutse can. Ga hasumiyar babban masallaci. Kin ga inda siririn hayaƙin can yake tashi? Fagge ke nan. Wannan hayaƙin na Mamuda ne, yanzu ya juya haƙarƙari, in kika je daidai wannan lokacin kitsen yana..."



"Yana me?" in ji Gwaggo.

"Yana... cutar da mutane, Gwaggo. Likita ne ya nuna mana wurin, ya ce mu kiyaye shi."

"Allah sarki. Likitan nan naku yana da ƙoƙari. Har sunan mai naman ya gaya muku."

"Ƙwararre ne, Gwaggo."

Suka sauko, suka leƙa marinar Ƙofar Mata, Gwaggo ta ga yadda ake tsoma farin yadi a rami a fito da shi shuɗi, ta yi ta salati. Namadi bai ga komai ba. Shi dai jiri yake ji, cikinsa yana ƙugi kamar ana jan turmi.

"To," in ji Gwaggo, "ido ya ƙoshi, saura ciki. Gurasa ai ba abinci ba ce. Tuwo nake so, na gaske. Kai mu inda ka fi yarda da shi."

Namadi ya shiga lissafi. Ya ga yadda Iya ta kusa kashe shi da rufin asirinta. In ya kai su wurin mai farfesu, wannan da ba ta iya riƙe dariya, ai ya kaɗe. Mafita ɗaya ce, a je inda bai taɓa takawa ba, inda babu wanda ya san fuskarsa. Ya ce wa direba ya miƙa gabas. Suka wuce Hotoro, suka wuce Mariri, gidaje suka fara yin jefi-jefi.

"Ɗan nan, Ringim za ka mayar da ni?"

"Abinci mai kyau sai bayan gari, Gwaggo."

Can ya hango wani sabon shago, fenti ko bushewa bai gama yi ba, tukwane jere a ƙofa. Bai taɓa ganin sa ba. Ya sauka shi kaɗai ya leƙa. Mai abincin, wata ƙatuwar mata mai fara'a da ake kira Uwani, ta dube shi kallon baƙo, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam, shigo." Ko gezau. Namadi ya yi hamdala a zuci. Tun da yake bai taɓa jin daɗin a ce ba a san shi ba irin na yau.

Suka zauna, su Gwaggo a benci ɗaya, shi a ɗaya, tebur a tsakani. Ƙamshin man shanu da farfesu ya cika ɗakin. Namadi ya ja numfashi, ya ji duniya ta dawo daidai. Ya ci nasara. Ya zagaya da tsohuwa gari, ga shi an kusa tashi lafiya. Jiki ya saki, hankali ya tafi wurin tukwane, hannuwa kuma suka shiga harkarsu ba tare da sun nemi izininsa ba.

Uwani ta iso tana goge hannu da zani.

"Inna, sannunku. Akwai tuwon shinkafa, akwai na masara, akwai sakwara. Miyar kuka, miyar taushe, farfesun ƙafa. Ƙaramin kwano za a zuba, ko babba, ko na Namadi?"



"Na wa?" in ji Gwaggo.

"Na Namadi, Inna. Ashe ku baƙi ne! Ai shi ne kwanon da ya fi babba girma. A tula tuwo, a ɗora ƙafar saniya, a kwarara man shanu, a zuba yaji har sai mai zubawa ta yi atishawa. Duk masu abincin garin nan haka muke kiran sa."

"Hajiya, ruwa kawai za ki ba mu," in ji Namadi. "Sauri muke."

"Ni ba na sauri," in ji Gwaggo. Ta gyara zama. "'Yar nan, wane ne shi wannan Namadin?"

Uwani kuwa dama mai neman abokin hira ce. Ta jawo kujera.

"Wani dillali ne a cikin gari, Inna. Ni ban taɓa ganin sa ba, amma wa bai san labarinsa ba? An ce tun safe yake farawa, gurasa, balangu, farfesu, har magariba. To abin dariyar, wai a gida ya ce wa matarsa olsa gare shi! Gyambo kamar faifai! Baiwar Allah tana can tana dama masa kunu, ita ma ta daina cin yaji don tausayinsa."

Furera ta ɗago kai a hankali.

"Kuma ba ki ji na yau ba," in ji Uwani, tana tafa hannu. "Da safen nan a 'Yankaba wurin sayen kayan miya, ai nan muke haɗuwa duka, babu zancen da ake sai nasa. Wai jiya ya bi masu abinci ɗaya bayan ɗaya yana roƙo a ce ba a san shi ba, gwaggon matar ta zo daga ƙauye. Wai wata tsohuwa kamar busasshiyar kuɓewa!"

"Kuɓewa," in ji Gwaggo.

"Busasshiya, Inna! Wai zai zagaya da ita gari ba ta gane komai ba."

"Allah sarki. Tsohuwar banza ke nan."

An gudu ba a tsira ba. Namadi ya ji gumi yana bin bayansa. Ya yi 'yar dariya, wadda ba ta wuce maƙogwaro ba.

"Ai... ai Namadi da yawa a Kano, Gwaggo. A Gwammaja kaɗai mun fi a ƙirga."

"A'a Malam, wannan guda ne," in ji Uwani. "An ce ma ba ya ɓuya. In ya zauna gaban abinci, sai ya cire hula ya kifa ta a gwiwa. Sannan ya naɗe hannun riga har sama. Sannan ya sa hannu ya kwance mazagin wando, wai don ciki ya samu fi..."

Maganar ta maƙale mata. Idonta ya sauka a kan gwiwar Namadi. Ga hula nan a kife. Ya hau kan hannuwansa. Ga su nan a naɗe har sama, tsaf, kamar mai shirin dambe. Uwani ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Kai ne? Ku fito! Ku fito ku gani, ga Namadi a shagona da ransa!"

Masu wanke-wanke suka fito da kumfa a hannu. Masu cin abinci suka bar kwanukansu suka miƙe. Wani direban tifa ya matso yana cewa a bar shi ya gaisa da shi, ya daɗe yana cin kwanonsa.

Furera ba ta ɗaga murya ba. Hannuwan nan nasa kawai take kallo, idonta ya cika da hawaye.

"Malam," ta ce, "tun da aka kawo ni gidanka, ko sau ɗaya ba ka taɓa naɗe wa tuwona hannun riga ba."

Da mari ta yi masa da ya fi sauƙi. Gwaggo ta miƙe, ta ɗauki ƙullin atamfarta.

"'Yar nan, ƙunsa wa yarinyar nan na Namadi guda, ki cika yaji, ta ci a mota. Furera, tashi. Daga nan sai tasha. Kayanki a aiko da su."

Nan fa ido ya raina fata. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, Namadi kuwa ya ɗauko haukan gaba ɗaya. Ya daki tebur, bam!

"Gwaggo, ki tsaya! Wallahi sharri ne! Maƙiya ne suka haɗa baki! Hula zafi ne ya sa na cire ta! Hannun riga kuwa alwala zan yi, la'asar ta gabato!"

"To mazagin fa?" in ji direban tifa.

"Wane mazagi? Ni mutumin banza ne da zan kwance wando a gaban surukata? Mazagina a ɗaure yake tamau, kowa ya zo ya gani!"

Ya miƙe zumbur.

Suuuu... tim.

Wando ya taru a idon sawu. Ga tumbi a sama, ga 'yan ƙafafu a ƙasa sirara kamar sillan kara, jamfa tana lilo a tsakani. Masu wanke-wanke suka zube ƙasa. Uwani ta faɗa kan buhun shinkafa tana neman numfashi. Furera ma, da hawayenta da komai, sai da ta toshe baki.

Gwaggo Tabawa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kama hannun 'yarta, ta juya ta nufi ƙofa.

"To, ɗan nan, Allah ya yi albarka, an sha kallo. Sai dai ni gari na ce ka nuna mini. Wannan ban tambaya ba."